Bindiga Ba Ta Cin Tuwo, Harsashi Take Ci

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Mai sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Tun da aka fara jin hare-haren 'yan bindiga a Shanono da Tsanyawa ta jihar Kano a ƙarshen 2025, hirar majalisa ta sauya a yankinmu. Daga Gwiwa zuwa Roni, Kazaure har Babura, duk inda aka zauna sai maganar ta dawo wuri guda: gwamnati ta bar kowa ya mallaki bindiga. Ni ban ga laifin mai faɗar haka ba. Magidancin da yake kwana da iyalinsa a ƙauyen da ke bakin iyakar Katsina, yana jin abin da ake yi wa maƙwabta, dole ya yi tunani. Manya ma sun faɗa. Aminu Bello Masari ya faɗa yana gwamnan Katsina, Bello Matawalle a 2022 har cewa ya yi mutanen Zamfara su je su nemi lasisi, Janar T.Y. Danjuma kuwa ya sha nanatawa. Gwamnanmu Malam Umar Namadi ya fito ya ce shi bai goyi bayan haka ba, don abin zai iya zama rikicin da ba mai iya tsayar da shi.

Abin da ya dame ni shi ne duk muhawarar a kan bindiga ake yin ta. Da masu cewa a ba mu, da masu cewa kar a ba mu, ban cika jin wanda ya tambayi daga ina harsashi yake fitowa ba. Alhali nan ne gizo ke saƙar.

Ka duba fa. AK-47 da aka ƙera lokacin da Gowon yake mulki, in dai ana ɗan goge ta ana shafa mata mai, yau ma za ta tashi. Ɗan bindiga sau ɗaya yake sayen bindiga, wani ma gadonta ya yi daga ubangidansa da aka kashe. Harsashi kuwa kamar man babur yake, yana ƙarewa. Gidan harsashin AK guda 30 yake ɗauka, in aka sa ta a kan ruwan wuta aka danne kunama, cikin daƙiƙa uku ya zama fanko. To ka lissafa daren da mutum hamsin suka shiga gari suna harbi sama da ƙasa na awa biyu don su firgita jama'a. Wannan harsashin da suka zubar, wani ne zai kawo musu madadinsa kafin fita ta gaba. Kullum akwai wani a kan hanya, da buhu ko jarka, yana kai musu. Ranar da wannan mutumin ya daina isa, bindigar ta zama gora mai nauyi.

Kuma harsashi ba abin da ake haɗawa a maƙera ba ne. Maƙeranmu gwanaye ne, kowa ya san suna yin harbi-ruga da adaka, irin wadda 'yan bindigar sarki suke bugawa ranar hawan sallah a Kazaure, ko wadda mafarauta suke rataye da ita. Wannan albarushi ake ɗura mata ta baki, a cusa tsumma da 'yan ƙarafa. Wasu maƙeran ma sun kai ga kwaikwayon bindigar zamani. Amma harsashin soja wani abu ne daban: kwanson tagulla ko ƙarfe da aka auna daidai wa daida, da garin albarushi marar hayaƙi, da ɗan maɓallin da ke gindinsa wanda allurar bindiga take duka ya kama wuta. Wannan aikin masana'anta ne mai injuna da sinadarai. Ma'ana, duk kwanson da aka tsinta a ƙasa bayan hari, daga wata masana'anta ya fito, mai suna, mai adireshi, mai littafin ajiyar sunayen waɗanda ta sayar wa.

Kakanninmu ma sun san wannan lissafin. Sarkin Damagaram Tanimu, nan arewa da mu bayan an wuce Daura, a ƙarni na 19 ya tara bindigogi da ake kawo masa ta hanyar Tarabulus, har ya sa ana ƙera igwa ana haɗa albarushi a cikin birninsa, shi ya sa maƙwabtansa suke shakkarsa. Turawa da suka ga haka sai suka zauna a Brussels a 1890 suka yi yarjejeniyar hana sayar wa yawancin ƙasashen Afirka bindigar zamani da harsashinta, suka bar mu da ta ɗurin baki. Shekara 13 bayan nan, a watan Fabrairun 1903, sojojin da ba su kai dubu ba suka ci birnin Kano da igwa da bindigar Maxim mai jigida. Ba jarumtaka suka fi mu ba. Sun riga sun toshe mana hanyar harsashi tun kafin su taso.

Yanzu bari mu ɗan shiga makaranta, don sai an gane wannan za a gane sauran.

Kowace bindiga da irin harsashin da take ci. In ka ji an ce 7.62x39, lambar farko kaurin kan harsashin ne a ma'aunin milimita, ta biyun kuma tsawon kwanson. Wannan shi ne abincin AK-47. Tarayyar Sobiyet ce ta fito da shi a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sannan Mikhail Kalashnikov ya ƙera bindigarsa a kansa a 1947, sojojinsu suka karɓe ta a 1949. Su kuma ƙasashen ƙungiyar NATO, wato Amurka da Ingila da ƙawayensu, a 1954 suka tsayar da nasu, 7.62x51, don sojan wannan ƙasa ya iya ɗaukar harsashin waccan ya sa a bindigarsa. Shi ne abincin FAL ta kamfanin FN Herstal na Beljiyam da G3 ta Heckler & Koch na Jamus, dogayen bindigogin nan da muka taso muna gani a hannun soja. A 1980 suka ƙara wani ƙarami, 5.56x45. Akwai kuma 7.62x54 na mai jigida ƙirar PKM, wanda asalinsa tun 1891 ne, ya girmi zuwan Turawa Kano. Uku daga cikinsu sunansu da 7.62 ya fara, amma ko da guduma ba za ka sa ɗaya a gurbin ɗaya ba.

Najeriya da tsarin Yamma ta fara. An kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a Kaduna a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya kafa injunan a Kakuri, aka fara da bindigogin Beretta na Italiya, daga baya aka koma FAL. A hankali AK ta mamaye ko'ina, saboda arha da juriya: ƙura ba ta dame ta ba, ruwa bai dame ta ba. A 2006 DICON ta fito da tata AK ɗin da aka sa wa suna OBJ-006, don girmama Obasanjo. Daga baya aka sayo Beryl daga Poland, ita ma an ƙera ta ne ta ci 7.62x39. Yau ɗan sanda AK, ɗan sibil difens AK, kwastam AK, soja AK.

Ɗan bindigar daji shi ma AK. Yawanci ƙirar Chaina da ake kira Type 56, ko ta ƙasashen gabashin Turai.

Kun ga inda matsalar take? Harsashin da gwamnati ta saya da kuɗinmu ta raba wa jami'inta, in ya ɓata hanya, ba sai an yi masa komai ba, kai tsaye zai shige bindigar wanda zai harbe mu da shi. Cokali ɗaya, kwano ɗaya.

Kar wani ya ce na ɗora wa jami'an tsaro laifin komai. Wallahi akwai yaran talakawa da suke mutuwa a daji don mu yi barci, kuma wani harsashin ma daga gawarsu ake kwasarsa bayan an yi musu kwanton ɓauna. Sannan hanyar waje tana nan. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 rumbunan makaman Libiya suka fashe, kaya suka yi ta gangarowa ta hamada. Ƙungiyar Conflict Armament Research, masu bin sawun makamai ta lambobin jikinsu, sun fitar da rahoto a Janairun 2020 bayan sun duba makaman da aka kama a Kaduna, Katsina da Zamfara. Sun samu na Libiya, sun samu waɗanda suka fito daga rumbun gwamnatin Kodebuwa, sun samu bindigogin farauta ƙirar Turkiyya irin waɗanda kwastam ta kama sama da dubu biyu a Legas a 2017, sun samu ƙirar gida da yawa. Amma sun kuma samu waɗanda a baya suna hannun jami'an tsaron Najeriya.

Ba Turawa kaɗai suka faɗa ba. Rahoton Odita Janar na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa Disambar 2018 akwai makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda da ba a iya bayanin inda suke ba, a ciki har da AK-47 guda 88,078. Rundunar ta musanta cewa ɓata suka yi, ta ce lissafin bai yi la'akari da waɗanda ke hannun jami'ai a bakin aiki ba. To mu ɗauka haka ne. In ana iya samun saɓani irin wannan a kan bindiga, abu mai lamba a jiki, mai nauyin kilo huɗu, ina ga harsashi da mutum zai zuba hamsin a aljihun wando ya wuce? A Oktoban 2024, wajen bikin lalata makaman da aka ƙwato a Abuja, Malam Nuhu Ribadu da bakinsa ya ce kaso mai yawa na makaman da ake ta'asa da su asalinsu na gwamnati ne, har ya tsine wa jami'an da suke sayarwa. Mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ke nan fa, ba ɗan adawa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsinuwa dai an yi. Sai me?

Wasu suna ganin maganin shi ne a sauya wa jami'anmu bindiga gaba ɗaya, a koma 5.56, yadda ko an saci harsashin ba zai shiga AK ɗin ɗan daji ba. Shawarar tana da daɗin ji, amma ni ba ta gamsar da ni ba. Kuɗin sauya bindigogin soja da 'yan sanda baki ɗaya ba kaɗan ba ne, za a ɗauki shekaru, kuma wanda ya iya sayar da harsashi ai zai iya haɗawa da sabuwar bindigar. Akwai hanyar da ta fi sauƙi, kuma an gwada ta a wani wurin.

In ka juya kwanson harsashi ka dubi gindinsa, za ka ga 'yan lambobi ko haruffa an buga a kewaye. Yawanci lambar masana'anta ce da shekarar da aka yi shi. Misali lamba 10 ta masana'antar Arsenal ce a Bulgeriya, 61 da 71 na Chaina ne, 539 ta garin Tula ce a Rasha. Wannan yana gaya maka inda aka haifi harsashin, amma ba ya gaya maka hannun wa ya shiga, domin masana'anta ɗaya a shekara ɗaya tana iya yin miliyoyi ta sayar wa ƙasashe goma. Abin da ya rage shi ne lambar rukuni: a ce wannan kashin na dubu goma ga lambarsa a jikin kowane kwanso, kuma littafi ya nuna an ba bataliya kaza ko ofishin 'yan sanda kaza ranar kaza.

Birazil ta yi doka a 2003 cewa duk harsashin da za a sayar wa jami'an tsaronta sai an buga masa irin wannan lambar. A watan Agustan 2011 aka harbe wata alƙaliya mai suna Patrícia Acioli a ƙofar gidanta kusa da Rio de Janeiro. Mata ce da ta matsa wa 'yan sandan da ke kashe mutane ba bisa ƙa'ida ba. Masu bincike suka tsince kwanson da ke wurin, suka duba lambar, littafi ya nuna harsashin na rundunar 'yan sandan jihar ne. Bin wannan zaren ya taimaka aka kamo 'yan sandan da suka yi aikin, har da kwamandan bataliyarsu, kotu ta ɗaure su. Ɗan rubutun da ko gani ba ka yi sai ka kanne ido, shi ya tona asiri.

Abin haushin shi ne mu ma mun sa hannu a kan irin wannan. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka rattaba wa hannu a Abuja a 2006, ta tanadi a riƙa sa wa harsashi lambar rukuni da sunan masana'anta da ƙasa da shekara. Muna da cibiyar ƙasa ta yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021, aka yi mata doka a 2024. An sabunta dokar DICON a 2023. A 2024 Matawalle, yana ƙaramin ministan tsaro, ya ce soja da 'yan sanda da sauran hukumomi suna buƙatar harsashi kusan miliyan 350 a shekara. Miliyan 350! Ko kashi ɗaya cikin dubu ne ya zurare, harsashi 350,000 ke nan, gidan AK sama da dubu goma sha ɗaya cike fal. Ƙasar da take cin wannan adadin, tana kuma cewa za ta riƙa ƙera abinta a Kaduna, ba ta da uzurin ƙin buga lamba. Mu ne masu saye, mu ne masu injin. Ko daga waje aka yi oda, mai kuɗi shi ke faɗin sharaɗi.

To mu dawo kan maganar a ba kowa bindiga, tunda da ita muka fara. Wace bindigar? Dokar makamai ta 1959 ta kasa su kashi-kashi. Ta ɗurin baki kwamishinan 'yan sanda ke ba da izini, ta farauta sufeto janar, irin ta soja kuwa sai shugaban ƙasa, kuma ba a ba farar hula. Ke nan abin da doka za ta iya ba ka ba zai tsaya gaban AK ba, balle mai jigida. Wanda ya ce shi sai ya yi daidai da su, kasuwar bayan fage zai nufa. Wa zai sayar masa? Dillalin nan dai da yake kai wa 'yan daji. Shi ba ruwansa da wane ne mai gaskiya, ciniki ya ƙaru masa, farashi ya hau, jami'in da yake tsakuro masa daga ma'ajiya ya samu ƙarin dalili. Kai da ka sayar da buhunan gero ka sayi harsashi don kare 'ya'yanka, kuɗinka ne zai yi jigilar na wanda zai zo maka. Kuma bindigar ba za ta koma inda ta fito ba in an samu lafiya. Tana nan a ƙarƙashin gado ranar rikicin gona, ranar rabon gado, ranar zaɓe. Binciken Small Arms Survey na 2018 ya ƙiyasta bindigogi sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, ninki goma na abin da ke hannun soja da 'yan sanda. In da yawan bindiga ne ke kawo kwanciyar hankali, da tuni mun fi kowa barci.

Ban ce a naɗe hannu ba. Sintiri, 'yan banga da aka tantance a ƙarƙashin hakimi da DPO, sanin baƙon da ya kwana a gari, duk dole ne. Amma mu a nan akwai aikin da ya fi dacewa da inda Allah Ya ajiye mu. Titin Kano zuwa Daura ta Kazaure ya bi, ya wuce har Kwangwalam bakin iyakar Nijar. Babura tana kan iyaka. Hanyoyin babur da suka ratsa ƙauyukan Gwiwa suka shiga Katsina, mu kanmu ba mu san adadinsu ba. Alhamdu lillahi, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi zaman lafiya a Arewa, amma wurin da ba a harbi shi mai jigila ya fi so, don ba a tsananta bincike. Kuma kar ku zaci mai jigilar wani ƙato ne da rawani. A 2021 'yan sandan Zamfara sun kama wata mata da harsashin AK guda 991. An sha kama shi a jarkar manja, a buhun hatsi, a cikin kujerar mota. 'Yan uwana direbobi da 'yan acaɓa, da shugabannin tasha, kayan da nauyinsa ya fi girmansa, mai shi kuma ya ƙi a taɓa, ya biya kuɗin mota ninki biyu ba ciniki, ai bai kamata a ce ba a lura ba.

In kuma Allah Ya kawo tsautsayi aka yi harbi a wani gari, don Allah a hana yara kwashe kwanso suna usur da shi, a hana masu gwangwan saye. A ɗauki hoton gindin kowanne da waya yadda lambar za ta fito, a ƙirga, mai gari ya rubuta, sannan a miƙa wa hukuma a gaban shaidu. Hoton ya zauna a wayar mutum fiye da ɗaya. Ko yau ba a bi sawunsa ba, wata rana za a nema.

Sauran aikin na waɗanda muka tura Abuja ne. Muna da ɗan majalisar tarayya na Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, muna da na Babura da Garki, muna da sanatan Jigawa ta arewa maso yamma. Su ne suke amincewa da kasafin kuɗin da ake sayen harsashin nan duk shekara. Kakar zaɓe tana tafe, za su zo da atamfa da taliya. Duk wanda ya samu makirufo a gabansu, a Gwiwa ne ko Korayel ko Buntusu, ya taimaka ya yi musu tambayar nan: ranka ya daɗe, harsashin da aka saya bara da sa hannunka, akwai lambar rukuni a jikinsa? In babu, yaushe za ka kai ƙudirin? Wanda yake da lambar wayar ɗayansu ya tura masa wannan rubutun, in ya ba da amsa a kawo mana ita nan ƙasa mu karanta tare.